Da Hannuna Na Kawo Dutsen Gida

Assalamu alaikum. Ni mutumin ƙasar Anka ne a jihar Zamfara, kuma ina cikin iyayen da suka binne 'ya'yansu a shekarar 2010, shekarar gubar dalma. Biyu na binne cikin kwana 11. Na daɗe ban iya ba da labarin nan daga farko har ƙarshe ba, sai dai guntu-guntu idan wani ya tambaya. Abin da ya zaunar da ni na rubuta shi yau shi ne ina ta jin labarin sababbin wuraren haƙar gwal a jihohi daban-daban, kuma na san yanzu haka a wani gida akwai buhun dutse jingine da bangon ɗaki, yaro yana rarrafe kusa da shi, uwarsa tana murmushi don ta san kuɗi sun shigo.

Na taso gidan noma. Gero, dawa, wake, sai ɗan auduga idan shekara ta yi kyau. Rumbunmu bai taɓa kai mu tsakiyar damina ba. Mahaifina ya rasu ina aji shida na firamare, daga nan karatu ya tsaya, na koma gona gaba ɗaya. Da rani mu kama hanyar Ibadan ci-rani, mu yi dako a kasuwa wata huɗu, mu dawo da abin da bai wuce kuɗin taki da atamfa ɗaya ba. A haka na yi aure a 2005, Allah ya ba mu 'ya mace, bayanta namiji, sannan wani namijin a ƙarshen 2009.

Gwal ba baƙo ba ne a dajinmu. Tun muna yara tsofaffi suna nuna mana ramukan da suka ce na zamanin Turawa ne. Amma wajen 2008 zuwa 2009 farashinsa ya tashi a duniya, masu saye suka fara shigowa har ƙauye da sikelinsu da kuɗi a jaka. Kowa ya ajiye fartanya ya ɗauki diga. Aikin ba shi da wani sirri: a shiga rami a haƙo dutse, a farfasa shi da guduma, a zuba a inji irin na niƙan hatsi ya zama gari, a wanke garin a kan kafet ruwa yana gangarawa, abin da ya maƙale a zuba masa zaiba ta kama gwal, a matse a ƙyalle, a ƙona, sai ga ɗan ƙwaya ja a tafin hannu. Ranar da na fara sayarwa, abin da na samu a mako guda ya fi na ci-ranin shekara. Na sayi babur. Na yi wa ɗakin Inna rufin kwano, ta tsaya tsakar gida tana kallonsa tana sa mini albarka. Duk wanda zai zage mu don mun bi gwal, ya fara kwana da yara uku ba tuwo tukuna.

Dutsen kuwa gida muke kawo shi, saboda dalili biyu. A daji ana sata. Sannan matanmu suna cikin kulle, to in dutse ya shigo gida su ma sun sami sana'a, su daka a biya su ladan daka. Matata ta ware turminta na aure ga wannan aiki, da safe dutse, da yamma wani lokaci a ɗauraye shi a surfa hatsi. Injinan niƙa kuma suna cikin gari, ƙura tana tashi fara fat ta sauka a kan rufi, a kan randa, a kan shanyar gari, a kan gashin yara.

Akwai abin da ba ya barin idona. Dutsen yana da wani ƙyalli baƙi-baƙi a jikinsa, sak kwalli. 'Yata, tana da shekara 4 lokacin, takan zauna gefen turmin uwarta da murfin gwangwani, ta tara garin da ya zube, ta ce tuwo take yi wa ƙanenta. Ta shafa a fuska, tafin hannunta yana walƙiya a rana, ta nuna mini. Ni kuma in yi dariya in ce 'yar mai gwal. Ƙanen nata mai shekara 2 yana binta, duk abin da ya ɗauka sai baki. Daga baya aka gaya mana wannan ƙyallin shi ne dutsen dalma, irinsa ake niƙawa a yi baƙin kwalli. Gwal ɗin yankinmu a cakuɗe yake da shi.

Agwagi ne suka fara mutuwa, waɗanda suke wanka a kududdufin da muke wanke gari. Muka ce annobar tsuntsaye ce. Da zafi ya shigo, wajen watan biyu da na uku na 2010, sai abin ya koma kan yara.

Namijin mai shekara 2 ya fara. Amai, riƙe ciki, ya daina wasa, ya kwanta lakwas. Na kai shi wurin mai kemis aka yi masa allurar zazzabi, ba sauƙi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Dare na uku ya fara jijjiga, idanunsa suka kafe, haƙoransa suka datse. Da asuba na goya uwarsa a babur tana rungume da shi, muka nufi Anka. Ba mu yi rabin hanya ba ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam, tsaya." Na tsaya. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ja mayafi ta rufe masa fuska. Muka juyo.

Ba a yi sadakar bakwai da kwana huɗu ba yarinyar ta bi shi, da ciwo iri ɗaya. Ita 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna sonsa a fili, ko rasuwa ya yi ba a son a ga hawayenta. Shekara 4 matata tana ce mata "yarinyar nan". Ranar da aka fita da ita, mata sun cika gida, ita kuwa tana bakin murhu tana goge tukunyar da ta riga ta wanke. Sai da dare ya raba na ji wani sauti a bayana. Ta cusa bakin zane a baki tana kuka don kada Inna ta ji daga ɗakinta, kuma a cikin kukan ne na ji ta kira sunan yarinyar, karo na farko tun ranar suna. Ban juya ba. Na san in na juya za ta yi shiru, ni kuma ina so ta kira shi iya son ranta.

A maƙabarta ƙananan kaburbura suka yi layi. Akwai ranar da muka je sau uku. Wasu suka ce sanƙarau ne don lokacinsa ne, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce mun haƙa inda mutanen ɓoye suke zaune. Amma maganar gaskiya, a can cikin zuciya da yawanmu mun fara lura cewa gidajen da aka fi daka dutse su suka fi fitar da gawa. Ba wanda ya furta.

Likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda rediyo ke kira na-gari-na-kowa, su suka gano abin a watan uku na shekarar, suna cikin zagayen neman masu sanƙarau a ƙasar Anka da Bukkuyum. Da aka kai jinin yara waje aka auna, sai aka ga dalma ce. Masana daga Amurka da ma'aikatan lafiya na jiha suka shiga ƙauyuka biyu gida-gida suna ƙirga, suka tarar yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 ya mutu cikin shekara guda. Jimillar da aka fi ambata a yankin duka ita ce yara 400, ko fiye.

Nan ne zan faɗi abin da ya fi mini nauyi. Da labari ya zo cewa baƙi suna tafe ƙauyenmu, maza muka taru a dandali muka yi shawara. Aka ce kowa ya kama bakinsa, in suka ji yawan mutuwar, haƙa za su hana. Da suka shigo zaurena suka tambaya, na ce yarana zazzabi ya kashe su, kuma ba a dakan dutse a gidana. Buhu uku suna bayan rumbu na lulluɓe su da kara. Inna tana jina daga ciki. Sai ga ta ta fito da sandarta, ba ta ko dube ni ba, ta ce wa malamar da ke cikinsu, "Ɗiyata, shigo in gwada miki. Jikokina biyu anka kai, ga na ukku nan ba ya ko riƙe wuya." Ta kai ta bayan rumbu ta yaye karan.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi kwana biyu ina gaishe ta a tsaye in wuce. Yau kuwa ba na yin salla ban yi mata addu'a a kan wannan ba, domin da ta rufa mini asiri ranar, da na binne uku.

Aka soki yatsan jaririn aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Maimakon lamba sai ta nuna haruffa biyu. Malamar ta yi mini bayani a hankali: na'urar ba ta iya ƙirga abin da ya wuce 65, in dalmar da ke jini ta haura nan sai dai ta ce ta yi yawa. Su kuma daga 45 suke fara ba da magani. Ta ce yaro ba kamar babba ba ne, in ya haɗiyi ƙurar, jikinsa yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai zuƙa, kuma kai tsaye ƙwaƙwalwa take taɓawa. Shi ya sa ni da nake cikin ƙurar tun safe har dare nake tsaye da ƙafata, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi kawai nake ji, yaran da ke wasa a tsakar gida suka tafi. Na tambaye ta ko ta nono ya samu, tunda shi bai fara rarrafe sosai ba. Ta ce tun yana ciki ma yana iya samu, don dalma tana kwanciya a ƙashin uwa, ta bi jini ta kai ga ɗan tayi.

Suka ce sai an kwantar da shi a Anka tare da uwarsa, makonni. Wasu maza sun ƙi, suka ce matansu ba sa kwana a waje cikin baƙi. Ni ma na yi jim. Matata ba ta roƙe ni ba, ta dai ɗaure kayanta a ɗankwali ta zauna bakin gado tana jira. Na tayar da babur.

Maganin ƙwaya ne mai kwanso, ana buɗewa a zuba garin a abin da yaro zai haɗiya, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Aikinsa ya kama dalmar da ke jini ta fita ta fitsari. Amma likitocin sun faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa magani ba shi da amfani in yaro zai koma gidan da ya kwaso cutar. Kamar mai kwarfe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Sai an gyara ƙasar gidan kanta.

An fara share ƙauyukan Dareta da Yargalma kafin ruwa ya kankama. Damina ta tsayar da aiki don mota ba ta shiga. Bayan ruwa ya ɗauke aka dawo kan Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Tungar Guru, aka kai har farkon 2011. Ƙauyenmu yana cikin waɗannan. Masanan wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics ne suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan muhalli na jiha da suka koya wa. Suna da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, a ɗora bakinta a ƙasa, jim kaɗan ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Suka zana taswirar gidana a takarda, ɗaki-ɗaki, suna aunawa suna rubutawa. Wanda ke riƙe da na'urar ɗan jiharmu ne, ya ce mini ƙasar da ake yarda yaro ya yi wasa a kanta ba ta wuce kashi 400 cikin miliyan ba, amma a ƙauyukan nan an sami wuraren da suka haura 100,000, wato in ka ɗebi ƙasa mudu goma, mudu guda dalma ce. Da ya zo gurbin turmi, daidai inda yarinyar take zama da murfin gwangwaninta, ya auna, ya dubi allon, ya sake aunawa. Na ce nawa ne. Ya ce, "Malam, za mu kwashe ta duka." Ban sake tambaya ba.

Mu 'yan gari aka ɗauka aikin, ana biyanmu kullum. A ganina wannan na cikin manyan hikimomin da suka yi. Da baƙi suka kawo suka share mana, da mun tsaya kallo, mu ce aikinsu ne. Amma mutumin da ya durƙusa da fartanya ya kankare tsakar gidansa da hannunsa, faɗin yatsu uku zuwa ƙasa, ya ɗura a buhu, ya ɗauka a ka zuwa mota, aka kai wani babban rami bayan gari aka binne, sannan ya shimfiɗa sabuwar ƙasa da aka auna aka ce mai kyau ce, wannan mutumin ya san abin da aka fitar daga gidansa. Tabarmi, katifa, buhunan da muka ɗebi dutse da su muka koma zuba hatsi, duk suka tafi. Turmin matata ma ya tafi, da taɓaryarsa.

Ina cikin kankarar gindin bango fartanya ta tono wani abu ƙarami. Ɗan kunne ne guda ɗaya, na roba ja, wanda na sayo wa yarinyar a kasuwar Anka ya ɓace aka yi ta nema. Na zauna a ƙasa riƙe da shi. Shugaban aikinmu ya zo ya tsaya, ya gane. Ya ɗebo ruwa da sabulu ya ce in wanke shi sosai sau uku, sannan in ajiye inda yaro ba zai kai ba. Yana nan a wurina.

Da a ce labari ne na daɗin baki, da nan zan ce mun warke. Ba haka aka yi ba. Sarakuna sun ba da umarni a fitar da injina da dakan dutse daga cikin gari, aka koma daba, wato sansanin niƙa da wanke dutse, can bayan gari. Damina ta 2011 ta same ni rumbu wayam, ladan aikin shara ya ƙare, na koma rami. A daba aka sace mini dutse sau biyu. Wani dare na sami dutse mai kyau, rabin buhu, na ce ba zan bar shi ya kwana a waje ba. Na ce a raina kwana ɗaya ne, bakinsa a ɗaure, da asuba in fita da shi. Na ɗaura a babur na gangaro ba fitila.

Na tarar da ita tsaye a ƙofar zaure, yaron a bayanta. Matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ba ta ɗaga ba ranar ma. Ta ce, "Malam, in buhun ga ya shigo, ni da yaron ga mu hita." Na fara ce mata ai a ɗaure yake. Ta ce, "Biyu ba su ishe ka ba?"

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na juya babur na koma daba, na kwana a kan buhun, ruwa yana dukana. A daren ne na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Shekara guda ina cewa ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, amma a wancan karon ban sani ba. Wannan karon na sani, kuma na ɗauko.

Duk da haka, da aka sake auna yaron bayan wata biyu sai aka ga jininsa ya ƙara hawa. Na rantse wa malamin da ke bibiyarmu cewa ko tsakuwa ba ta shiga gidana ba. Ya ce ya yarda. Ya ce in tashi tsaye, ya bugi ƙafar wandona da tafin hannu, ƙura ta tashi a cikin hasken rana da ke shigowa ta ƙofa. Ya ce, "Ga ta nan. Da ka dawo wa kake fara ɗauka?" Riga, hula, gashi, takalmi, kujerar babur, duk buhu ne ban sani ba. Tun daga ranar nake ajiye kayan aiki a daba, in yi wanka can, in sa na gida.

Shi wannan malamin ne ya ce in shiga cikin masu wayar da kai na gari. Na ce ni da na yi ƙarya a zaurena? Ya ce shi ya sa. Mutane sun gaji da jin wanda bai taɓa shiga rami ba.

Mun kasu biyu. Mata suna shiga gidaje, tunda mu ba ma shiga, mu kuma muna bin majalisa da daba da ƙofar masallaci bayan la'asar. Liman ya ba mu goyon baya, ya sa maganar a huɗuba, ya ce 'ya'ya amana ne kuma za a tambaye mu. Matata, wadda da ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta zama cikin na gaba. Ita ce take nuna wa mata su yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, su wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci komai, kada a ajiye masa kwano a ƙasa tsirara. Abin da ya fi ba ni mamaki a karatun da aka yi mana shi ne maganar yunwa. Cikin da ba komai ya fi zuƙar dalma, jikin da ke da ƙarancin jini kuma yana karɓarta kamar abinci. Don haka ko koko ne a fara ba yaro kafin ya fita wasa, a sa masa wake, gyaɗa, zogale, nono in an samu. Ashe talauci ne ya kai mu rami, shi ne kuma ya buɗe wa gubar ƙofa a jikin yaranmu. Maganar kwalli ce ta fi ba matan wahala. Ka ce wa kaka kada ta sa wa jariri baƙin kwalli, sai ta ce da shi aka raini uban ubanka. Matata ba ta musu da su. Takan ɗauko ɗan dutsen kwalli ta ce su dubi ƙyallinsa, su tuna a ina suka taɓa ganin irinsa. Sai a yi shiru.

A daba na sha baƙar magana. Wani saurayi, ƙaninmu ne a unguwa, ya taɓa ce mini a gaban mutane, "Yaya, kai ka ci naka ka yi kwano, yanzu ka zo ka hana mu. Dalma sai ta shekara take kisa, yunwa ko mako ba ta kaiwa." Raina ya ɓaci, amma da na kwanta na ga bai yi ƙarya ba. Daga ranar ban ƙara ce wa kowa ya daina haƙa ba. Duk wanda ya zo wa matalauci da "ku daina" alhali bai riƙo wani abin yi a ɗaya hannun ba, ɓata bakinsa yake, kuma mafi muni, yana koya wa mutane ɓoyewa. Abin da na koma faɗa shi ne: yi haƙarka, amma ga randa ga sabulu, ga ƙusa rataye rigar aiki, kada ka kai wa ɗanka. Muka haɗa kuɗi muka kewaye wurin wanka da zana a bakin daba. Daga baya aka zo da dabarar fesa ruwa a bakin inji don ƙura ta kwanta. Da farko masu inji sun ƙi, suka ce zai rage gudun aiki, sai da suka ga tarin da ke hana su barci ya ragu. Shi wancan saurayin, da matarsa ta haihu, shi ya zo da kansa ya ce in raka shi a auna jaririn.

Bagega, wadda ta fi duk ƙauyukan girma, ta daɗe tana jira, yara wajen 1,500 suna buƙatar magani amma ba a iya fara ba su ba don ba a share garin ba. Sai a 2013 aka yi aikin, bayan matasa sun yi ta kururuwa a intanet da kafafen labarai. Na je can sau da yawa ina ba maza labarin buhuna da wandona. A 2015 ina sauraren rediyo na ji yara 28 sun mutu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, dalilin dai guda, dutse a cikin gida. Na kashe rediyon na fita. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, amma na ɗauka kukanmu ya isa ko'ina, ashe bai ƙetare iyakar jiha ba.

Sauran labarin kowa ya san shi. 'Yan bindiga suka mamaye dajin. A watan huɗu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda tsaro. Ni abin da na gani da idona shi ne duk lokacin da daba ta zama wurin tsoro, ko na hukuma ko na ɓarayi, dutse gida yake komawa a ɓoye. Mu ma ƙarshe barin ƙauyen muka yi, muka bar tsakar gidan da na share da hannuna, muka dawo cikin garin Anka muna haya. Inna a nan ta rasu, Allah ya jiƙanta. A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha, bayan an yi wa dubban yara magani kuma mutuwar ta tsaya. Ba wanda yake biyana ko sisi yanzu. Ina sayar da itace da gawayi. Amma in na ga mutum da farar ƙura a gira, ba na iya wuce shi.

Yaron ya rayu, alhamdu lillahi. Ya haura shekara 15. Bai yi tafiya ba sai da ya kusa shekara 3, magana ma ta zo a makare. Allonsa ɗaya ƙannensa uku da aka haifa bayan shara suka zo suka wuce shi, abin da ya biya da safe kafin azahar ya gudu. An gaya mana tun farko cewa magani yana fitar da dalma daga jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Wani lokaci yakan yi fushi ba dalili, ya jefar da abin da ke hannunsa, sannan ya zo ya zauna kusa da uwarsa ya yi shiru. Yana da hannun kiwo, awakin unguwa duk sun san muryarsa. Ina yawan tunanin wa zai riƙe shi bayan ba mu, kuma ban sami amsa ba tukuna.

Gidan da muke haya mu magidanta huɗu ne a ciki, duk 'yan gudun hijira. Akwai wani matashi a ɗakin ƙarshe da yake ɓacewa kwana biyar ko shida ya dawo, ba ya faɗin inda ya je, ba kuma wanda yake tambaya. Ran nan da yamma ya shigo, wandonsa fari fat har gwiwa, 'yarsa mai wata tara ta hango shi ta fara rarrafowa tana dariya. Ya sunkuya zai ɗauke ta. Ina zaune a kan tabarma, na buɗe baki ke nan, sai na ga yarona ya riga ni. Ya sure yarinyar ya saɓa a kafaɗa, ya tura masa bokiti da ƙafa, ya ce da wannan muryar tasa mai nauyi, "Kawu, wanka tukuna."

Matashin ya dube ni. Na miƙa masa sabulu, na ce in ya fito ya zo mu zauna, ina da magana da shi.